Tacewa: Ta Madafa Daban, Ta Ofis Daban

Kwanakin nan ba ka buɗe rediyo ko Facebook ba ka ci karo da "an tace". Mawaƙi ya sauya baiti da kansa, an tace shi. Wani ya goge abin da ya wallafa saboda kunya ta kama shi, shi ma wai an tace shi. Ranar nan har na ji wani mai gabatar da shiri yana faɗa da takaici cewa a Amurka yanzu ana tace waƙoƙin rawar gargajiya, Turawa sun fara kashe al'adarsu da hannunsu. Nan ne haƙurina ya ƙare.

Kalmar daga madafa ta fito. Mace ta jiƙa gero, ta kai markaɗe, ta ɗaura ƙyalle a bakin roba tana zuba ƙullu tana matsewa, dusa ta tsaya a sama, gasara ta kwanta a ƙasa. Geronta ne, kuma ba wanda ya tsaya mata a ka. Daga baya aka ari kalmar aka kai ofis, kamar Hukumar Tace Finafinai ta Kano da aka kafa a 2001. A can akwai doka da hatimi, akwai kuma hukunci ga wanda ya ƙi ji. Masu surutun nan sai su ga aikin madafa, su yi masa ihun da ya dace da na ofis.

Mu ɗauki rawar da mutumin ya ambata. Iri biyu ce. A sikwaya, mutum takwas ne, bibbiyu, suke tsayawa kusurwa huɗu. A kwantara kuwa, wadda ta fi ƙarfi a arewa maso gabashin Amurka, dogayen layuka biyu ake yi ana fuskantar juna. Duka biyun akwai mai kira, riƙe da makirufo, yana faɗa wa jama'a abin yi: kama hannun hagu, juya, koma wurinka. A sikwaya yakan ɗauko sananniyar waƙa ya rera umarnin a kan karinta, yawanci zagaye bakwai. Ka lura da kyau: ya riga ya zubar da mafi yawan kalmomin waƙar ya cusa nasa. Ɗan abin da ke saura shi ne baitin da ake rerawa lokacin da kowa ke takawa da abokin rawarsa zuwa mazauninsa. Sauya kalmomi shi ne sana'ar tun asali.

Abin da suke cirewa yanzu kuma ba ɓoyayye ba ne. Karin waƙoƙi da dama sun fito ne daga wasannin shekarun 1830 da 1840, inda Turawa ke shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon bayi don a yi dariya. "Oh! Susanna" ta marubucin waƙoƙi Stephen Foster, ta 1848, tana da baiti na biyu mai ɗauke da zagin baƙar fata, kuma an daɗe da daina rera shi ba tare da wata hukuma ta ce uffan ba. Akwai wani taku a kwantara da mutum biyu ke zagaya juna ido cikin ido, ana kiransa "gypsy", sunan da 'yan ƙabilar Roma da yawa ke ɗauka a matsayin raini. Masu kira da dama sun koma cewa a zagaya ta kafaɗar dama. Ni a ganina ma ya fi, domin baƙon da ya shigo yau ya san inda zai sa ƙafa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na tsuntsaye. A wasu zaurukan an bar cewa maza da mata, tunda ba kullum adadin ke zuwa daidai ba, wasu kuma ba sa son a raba rawar ta jinsi. Aka koma "larks" ga na hagu, "ravens" ga na dama, saboda harafin farko ya dace da hagu da dama a Turanci. Sai aka tuna cewa tsuntsu na biyun, wani babban hankaka, sunan ɓangaren dangi ne a wurin ƙabilar Tilingit ta Alaska, aka maye gurbinsa da "robins", wani ƙaramin tsuntsu. Nan kam ina jin an ɗan zaƙe. Amma zaƙewa ba tacewar ofis ba ce. Zauren da ke gari na gaba yana nan yana kiran maza da mata, ba wanda ya rufe shi, ba wanda ya ci tarar kowa, tsofaffin faifan kuma suna nan ga mai son ji.

In ana neman inda gwamnati ta sa hannu da gaske, akwai: a 1986 majalisar jihar Kentaki ta sauya wata kalmar raini a taken jihar, wanda shi ma Foster ne ya rubuta, ta mayar da ita "mutane". Ko shi ɗin, abin da ake rerawa a taron hukuma kawai ya shafa. Mai shirin namu bai ma ambace shi ba.