Ba kowace i7 ce ta fi i3 ba

Daga Nima har shagunan Circle a Accra, an daɗe ana cewa kwamfuta mai furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7 dole ta fi mai i3 ɗaukar gem. Maganar tana da tushe, in duka biyun fitowar zamani ɗaya ce. To amma shekaru na aiki: i7-2600 ta 2011 ba ta kama ƙafar i3-12100 ta 2022 ba.

A gem ma, yawanci katin girafik (mai sarrafa hoto) ne ke ɗaukar nauyi, ni shi nake fara tambaya.

Kafin ka biya, danna Ctrl+Shift+Esc a kan kwamfutar, shiga Performance, karanta lambar furosesar duka: 2600 zamani na 2 ne, 12100 na 12. Don Allah a tura wa mai shirin sauya tsohuwar kwamfutarsa.