Husband: miji ne ko maigida?

Kwanan baya na raka ƙanwar mahaifiyata cike wata takarda a nan Kumasi. Da muka iso layin da aka rubuta "name of husband", sai ta gyara mayafi ta ce, "Rubuta Alhaji." Na ce, "Inna, Alhazan unguwar Aboabo ai ba su ƙirguwa." Ni na rubuta sunan da hannuna, ita dai bakinta bai furta ba.

Husband a Turanci shi ne miji, wato namijin da aka ɗaura masa aure da mace. Saurayi bai kai nan ba, ko an kai goro. Ango kuma groom ake ce masa. Maƙwabtanmu Asante suna cewa "me kunu", mijina ke nan.

Asalin kalmar ne ya fi ba ni sha'awa. Turawan Ingila aro suka yi daga tsohon harshen mutanen arewacin Turai, inda ake cewa húsbóndi: hús gida, bóndi mutumin da ke zaune a kan gidansa da gonarsa. Maigida ke nan sak. Sai wajen ƙarni na 13 ta koma nufin miji. Tsohuwar ma'anar ba ta mutu gaba ɗaya ba, tana nan cikin husbandry, wadda yaranmu ke gamuwa da ita a darasin noma idan an zo kan kiwon dabbobi.

Sai dai a yi hattara, maigidanmu ya fi nasu faɗi. A Zango, mai ba da hayar ɗaki maigida ne. Wanda ke saukar da fataken goro da na shanu, ya tsaya musu a ciniki, shi ma haka. Yaron shago kuwa wa yake kira maigida in ba ubangidansa ba? Duk waɗannan babu husband a cikinsu. Na farko landlord ne, na ƙarshe master ko boss. Na taɓa jin wani ɗan koyon ɗinki ya ce "my husband travel", yana nufin mai shagon. Ranar an sha dariya a layin.

'Yan matan yanzu suna amfani da gutsurarriyarta, hubby, a WhatsApp, kalmar shagwaɓa ce, ba ta shiga takardar hukuma. Can an fi rubuta spouse, wadda ta haɗa miji da mata. Da ita aka sa a takardar Inna ma, "Alhaji" za ta ce.