Cikakkun lambobi da intija: me ya raba su?

Wace ce cikakkiyar lamba?

Ita ce lambar da ba ta da guntu a jikinta: 0, 1, 2, 3, haka har ba iyaka. Rabi ba ya cikinsu, haka ma 2.5. Idan aka cire sifiri, sauran su ne lambobin ƙirga, waɗanda yaro ke fara koya da yatsunsa.

To, intija fa?

Intija sun ƙunshi duk cikakkun lambobi, sannan suka ƙara da na ƙasa da sifiri: −1, −2, −3 da sauransu. Ɗebewa ce ta tilasta samuwarsu. Ka ce wa ɗalibi ya ɗebe 5 daga 3. Idan cikakkun lambobi kaɗai ya sani, zai ce ba ta yiwuwa. Amma tana yiwuwa, amsar −2 ce. Saboda haka kowace cikakkiyar lamba intija ce, amma −2 intija ce kawai, ba cikakkiyar lamba ba. Masana lissafi suna nuna rukunin intija da harafin Z.

Ta yaya abu zai gaza sifiri?

Masanin lissafin Indiya Brahmagupta, a littafin da ya rubuta a shekarar 628, ya bayyana su da dukiya da bashi, kuma har yau ban ga bayanin da ya fi wannan shiga kai ba. Mai dukiyar 3 da ake binsa bashin 5, idan ya miƙa duk abin da ke hannunsa, saura 2 a wuyansa. Ma'aunin zafi ma haka yake: ruwa na daskarewa a digiri 0 na Salsiyas, sanyin da ya wuce nan sai a rubuta shi da alamar ragi.

Tsakanin −7 da −2, wanne ya fi girma?

Nan ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, don idonsu na ganin 7 ya fi 2. A zana layi, a sa sifiri a tsakiya. Duk lambar da ke dama ta fi ta hagunta girma, kuma −2 tana dama da −7. Shi sifiri ba ya ɓangaren kowa.

Me ya sa ragi sau ragi ke ba da lamba sama da sifiri?

Kada a haddace wannan kawai, a bi sawunsa. 3 × −2 = −6, sai 2 × −2 = −4, sai 1 × −2 = −2, sai 0 × −2 = 0. Kowane mataki amsar na ƙaruwa da 2. Ka ƙara taku ɗaya: −1 × −2 dole ya zama 2.

Rabawa fa, tana barin mu cikin intija?

Ba kullum ba. Tarawa, ɗebewa da ninkawa na intija biyu kullum intija suke bayarwa, amma 7 ÷ 2 ya zama 3 da rabi. Raba kowace lamba da sifiri kuwa ba shi da amsa.