Karan sigarin da ake sha dab da kwanciya

Sau da yawa ba mai shan sigarin ne ke kawo mana ƙorafi a asibiti ba, matarsa ce. Za ta ce maigida ya kwana yana shure-shure, ko yana cizon haƙora har ƙarar ta tashe ta. Shi kuwa iyakar abin da ya sani, ya wayi gari a gajiye, muƙamuƙi na ciwo, kai ya yi nauyi.

Nakan tambaye shi, yaushe kake shan karan ƙarshe? Amsar kusan ɗaya ce: dab da kwanciya, wai don hankali ya kwanta.

Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin nikotin, sinadarin da ke cikin sigari, zaburar da jiki yake yi. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 ya isa ƙwaƙwalwa, ya ƙara bugun zuciya, ya kuma taɓa dopamin, sinadarin da ke da hannu wajen sarrafa motsin gaɓoɓi. Bayan kamar awa 2 rabinsa ya bar jini, sai jiki ya fara neman ƙari a tsakar dare. Barci ya koma sama-sama, kuma a irin wannan 'yar farkawar da mutum ba ya ma tunawa da ita ne muƙamuƙi ke damƙewa. Shi ya sa cizon haƙora ya fi yawa ga mashaya sigari, har haƙoran su cinye ko su tsage.

Akwai kuma larurar da wani likitan Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken bayaninta a 1945. Da mutum ya kwanta sai ya ji kamar kiyashi na yawo a cikin ƙafafunsa, ba sauƙi sai ya motsa su ko ya tashi ya taka. Tushenta yakan kasance gado, ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, juna biyu ko ciwon ƙoda. Amma nikotin da giya da kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da goro, suna iya tsananta ta, kuma shisha ma nikotin ɗin ne a cikinta.

Ɗan'uwa, in kana fama da ɗaya daga cikin waɗannan, ka fara da barin sigari tun da yamma, da niyyar rabuwa da ita gaba ɗaya. A makonnin farko barci na iya ƙara rikicewa, kada hakan ya karya maka gwiwa, yana wucewa. Ka je a auna maka sinadarin ƙarfe kafin ka sayi wani magani, likitan haƙori ya duba bakinka. Ranar zuwa asibitin ka tafi da wadda kuke kwana tare, don ita ta ga abin da ke faruwa.