Tunanin kashe kai bayan an fara maganin ciwon damuwa

Da zarar an fara shan magani, tunanin yana tafiya?

A'a. Ba farasitamol ba ne. Yawanci sai an yi sati 2 zuwa 4 kafin a ga sauyi, cikakken aikinsa kuma ya kai sati 6 zuwa 8.

Idan na tambayi majinyaci ko yana tunanin kashe kansa, ba na sa masa abin a rai ba?

Sau nawa za a faɗa? Tambaya ba ta shuka wannan tunani. Ku tambaya kai tsaye, ku bar kewaye-kewaye.

Ƙanina ya yi kwana goma yana shan magani. Ya fara cin abinci, yana fita, amma maganar mutuwa ta ƙaru a bakinsa. Mu tsayar da maganin?

Kada ku tsayar da kanku, kada kuma ku jira ranar da aka rubuta muku a kati. Ku mayar da shi wurin likita yau. Abin yana iya zama ɗaya daga cikin uku, kuma daga gida ba a bambance su. Wani lokaci ƙarfin jiki ke riga zuciya dawowa: wanda da ko tashi daga katifa ba ya iyawa, yanzu yana da kuzari, baƙin cikin kuwa yana nan. Wani lokaci maganin ne ke kawo rashin natsuwa; ku duba ko yana ta kai-kawo a tsakar gida, ƙafa na rawa, ba ya iya zama ko barci. Wani lokaci kuma ciwon ne ya ƙaru, magani bai kama ba tukuna.

Shekarunsa ma abin lura ne. Tun 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna suna iya ƙara wa yara wannan tunani a farkon shansu, a 2007 ta haɗa da 'yan ƙasa da shekara 25. Wannan ba ya nufin maganin guba ne. Likita na iya rage shi, ko ya canza, ko ya kwantar da majinyacin a asibiti. Kafin ku isa, kada a bar shi shi kaɗai, wani babba ya riƙe maganin yana ba shi na kowace rana, a kulle maganin ƙwari da na ɓera.

An sallamo majinyaciyarmu daga asibiti, ai shi ke nan?

Ina! Makonnin farko bayan sallama suna cikin lokutan da suka fi haɗari. A koma ganin likita cikin sati guda.

Jiya ta ce tunanin ya tafi, yau ya dawo. Wasa take mana da hankali?

Ba wasa ba ne, Hajiya, haka yake zuwa, yana tashi yana kwanciya, wani lokaci cikin yini ɗaya. Abin da ya fi ban tsoro shi ne natsuwar da ta sauko farat ɗaya, mutum na rabar da kayansa, yana bin 'yan uwa yana neman yafiya.

Ya warke, ya daina shan maganin?

Sai ya ƙara aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sannan likita ya rage a hankali.

Ruƙiyya fa?

Ku yi addu'a, ku ba shi maganinsa. Ba kishiyoyi ba ne. Ku daina ce masa raunin imani ne.

Ina za mu je a Kaduna?

Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke Barnawa. In dare ne ko ya riga ya sha wani abu, sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ku tafi da kwalbar ko kwalin abin da ya sha.