Adawar ƙwallon ƙafa tsakanin Birazil da Ajantina

Adawar Birazil da Ajantina ita ce ta fi kowace shahara a ƙwallon ƙafar Kudancin Amurka, wasu ma cewa suke babu kamarta a duniya a wasan ƙasa da ƙasa. Maƙwabtan juna ne, iyakarsu ta haura kilomita 1,200, Birazil na magana da harshen Fotugal ita kuwa Ajantina na Sifaniya. Rabon su da yaƙi tun ƙarni na 19, don haka rigimar ba ta bindiga ba ce, gardama ce kawai kan waye sarkin ƙwallo, kuma kowa na da abin nunawa. Birazil ta ɗauki kofin duniya sau 5 (1958, 1962, 1970, 1994, 2002), Ajantina sau 3 (1978, 1986, 2022), amma in aka dawo gasar nahiyarsu wato Copa America sai lissafi ya juya, Ajantina 16 Birazil 9.

Mafari

Karawar farko an yi ta ne ranar 20 ga Satumba 1914 a Buenos Aires, Ajantina ta ci 3-0. Bayan mako ɗaya suka sake haɗuwa a gasar Copa Roca, kofin da aka sa wa sunan tsohon shugaban Ajantina Janar Julio Roca da niyyar ƙulla zumunci, Birazil ta rama da 1-0. Zumuncin dai bai yi nisa ba. A 1946 ana tsaka da wasa a Buenos Aires Jair Rosa Pinto ya karya ƙafar kyaftin ɗin Ajantina José Salomón, nan take fili ya kaure da dambe, 'yan kallo suka shigo, 'yan sanda suka shigo, bayan nan sai da ƙasashen biyu suka yi shekara goma ba su kara ba.

A kofin duniya

Sau huɗu kacal suka haɗu, amma kusan kowane ya bar baya da ƙura. A 1974 Birazil ta ci 2-1 a Jamus. Na 1978 ya fi ciwo, an tashi 0-0 a birnin Rosario na Ajantina cikin ƙeta da shure-shure, sannan a ranar ƙarshe ta rukuni Birazil ta fara buga nata wasan ta doke Poland 3-1, wato kenan Ajantina mai masaukin baƙi ta shiga fili tana sane sarai cewa tazarar ƙwallo huɗu take buƙata a kan Peru, sai kuwa ta zuba mata 6-0. Sojoji ne ke mulkin Ajantina a lokacin, golan Peru Ramón Quiroga kuma haifaffen Rosario ne, to ka ga dole a yi surutu. Ba a taɓa tabbatar da maguɗi ba, amma har yau 'yan Birazil ba su yarda ba, don ba a ci su ko wasa ɗaya a gasar ba suka ƙare a na uku.

A 1982 Birazil ɗin su Zico da Sócrates ta ci 3-1 a Barcelona, Maradona ya ƙule ya kai wa Batista shuri aka ba shi jan kati. Ya rama a 1990 a Turin, wasan da Birazil ta mamaye tun daga farko har tana ta dukan ƙarfen raga, can kusa da tashi Maradona ya ɗauko ƙwallo daga tsakiyar fili ya yanke 'yan baya ya miƙa wa Caniggia, shi kuma ya zagaye gola Taffarel ya jefa. A wasan ne Branco na Birazil ya sha ruwa daga gorar da masu kula da 'yan Ajantina suka shigo da ita, daga baya ya ce jiri ya riƙa ɗibarsa. Shekaru bayan haka Maradona da bakinsa ya ce a talabijin an sa maganin barci a ruwan, kocin Ajantina Bilardo ya musa.

Pelé ko Maradona

Wannan ce gardamar da ba ta ƙarewa. Pelé kofin duniya uku, Maradona ɗaya amma kusan a kansa ya ɗauko shi. Ita kanta FIFA ta rasa yadda za ta yi a 2000 da za ta fitar da gwarzon ƙarni, Maradona ya lashe ƙuri'ar intanet, sai aka ba Pelé wata lambar ta daban, aka raba gardama ba a raba ba. Maradona ya rasu a Nuwamba 2020, Pelé a Disamba 2022, yanzu kuma Messi ya shigo lissafin.

Najeriya na da ɗan rabonta a labarin, don a gasar Olamfik ta Atlanta 1996 ta doke su duka biyun a jere, Birazil 4-3 sannan Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe, da su Tijani Babangida da Garba Lawal a tawagar.

Shekarun baya-bayan nan

Daga 2004 zuwa 2007 Birazil ce ke juya akala, ta ci Ajantina a wasan ƙarshe har uku, biyu a Copa America ɗaya a kofin zakarun nahiyoyi, na 2004 ne ma ya fi ban takaici don Adriano ya farke ana dab da hura tashi sannan aka je fenariti. A 2014 da Jamus ta yi wa Birazil 7-1 a gida a kofin duniya 'yan Ajantina suka yi ta yi mata tsiya, su kuma 'yan Birazil da yawa suka koma bayan Jamus ɗin a wasan ƙarshe don kar maƙwabciya ta ɗaga kofi a filin Maracanã na Rio de Janeiro. Abin da suke gudu ya same su a Yulin 2021, Di María ya ci ɗaya tilo a wannan filin, Ajantina ta ɗauki Copa America, kofinta na farko cikin shekara 28 kuma na farko ga Messi da babbar tawaga.

Bayan wata biyu aka yi abin dariya a São Paulo, an take wasan neman gurbin kofin duniya da 'yan mintuna sai ga jami'an hukumar lafiya ta Birazil a cikin fili, wai 'yan Ajantina huɗu da suka zo daga Ingila sun karya dokar killace kai ta korona. Ba a sake buga wasan ba. A Nuwamba 2023 'yan sanda suka hau 'yan kallon Ajantina da kulake a Maracanã, Messi ya janye 'yan wasansa zuwa ɗakin sauya kaya, da suka dawo Otamendi ya ci da ka, karon farko kenan da aka doke Birazil a gida a wasan neman gurbi. A Maris 2025 Ajantina ta ƙara mata 4-1 a Buenos Aires ba ma tare da Messi ba, kwanaki kaɗan aka sallami koci Dorival Júnior, daga baya aka ɗauko Carlo Ancelotti ɗan Italiya.