Sauya Babur Domin Doguwar Tafiya: Tambayoyi da Amsoshi

Babur ɗin da yake da daɗin hawa a zirga-zirgar cikin gari sau da yawa yakan zama azaba idan aka kama hanyar kilomita 400 ko 500 a yini guda. Tambayoyin da ke biye su ne suka fi damun mahayin da ya fara tunanin rabuwa da babur ɗinsa domin neman wanda jiki zai fi sakewa a kansa.

Ta yaya mahayi zai gane cewa babur ɗin ne ke wahalar da shi, ba nisan hanya kawai ba?

Gajiyar tafiya takan mamaye jiki baki ɗaya, kuma barcin dare ɗaya yakan kawar da ita. Wahalar da babur ke jawowa kuwa tana da wurin zamanta, domin kullum a gaɓa ɗaya take bayyana, kuma kusan a lokaci ɗaya cikin tafiyar. Mahayi ya tsaya shan mai bayan awa biyu, ya kai hannu zai kwance igiyar hular kwano, sai ya tarar yatsun damansa sun mutu har ba ya jin maɓallin. Ya sauko, gwiwa ta ƙi miƙewa sai da ya dafa tanki ya ɗan jira. Idan haka take faruwa a kowace tafiya, kuma ciwon yakan lafa minti goma bayan sauka ya sake dawowa da zarar an hau, to fasalin babur ɗin ne bai dace da ƙirar jikin ba. Yana da kyau mutum ya rubuta gaɓar da ta fara ciwo da kuma bayan kilomita nawa ta fara, domin da wannan bayanin zai san abin da yake nema a sabon babur.

Wane irin zama ne jiki ya fi jurewa?

Wurare uku ne suke haɗa mahayi da babur: hannun babur, sirdi da matakin ƙafa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce take yanke hukunci kan gaɓar da za ta ɗauki nauyi. A baburan da aka ƙera da siffar na tsere, hannun yana ƙasa, matakin ƙafa yana can baya kuma sama, saboda haka mahayi yakan duƙa, nauyinsa ya sauka kan wuyan hannu, sannan dole ya ɗaga kai domin ganin hanya, abin da yake ƙage tsokar wuya. A babura masu doguwar ƙira da ƙaramin sirdi, irin yawancin na kamfanin Harley-Davidson da masu kama da su, ƙafafu suna miƙe a gaba. Wannan zama yana da daɗi ƙwarai a minti talatin na farko, amma yana ɗora dukkan nauyi kan ƙarshen ƙashin baya, kuma idan tayar baya ta faɗa rami, mahayi ba shi da damar ɗagawa da ƙafafunsa, sai gadon bayansa ya sha dukan kai tsaye.

Zaman da na fi amincewa da shi, kuma shi ne akasarin baburan doguwar tafiya suke bayarwa, shi ne wanda gadon baya yake miƙe tare da ɗan karkata gaba kaɗan, gwiwar hannu tana ɗan lanƙwashe, tafin ƙafa yana ƙarƙashin cinya ko kusa da haka. Amfaninsa shi ne nauyi yana rarrabuwa, kuma mahayi yana iya matsawa gaba ko baya a kan sirdi, ko ya miƙe tsaye kan matakan ƙafa na ɗan lokaci jini ya zagaya. Baburan da aka yi domin kwalta da kuma hanyar burji sun shahara da wannan zama tun daga BMW R80 G/S na 1980, kuma a yau akwai irinsu da yawa kamar Suzuki V-Strom, Kawasaki Versys da Honda Africa Twin.

Ashe ba babur mafi girma ne ya fi daɗi ba?

A kan miƙaƙƙiyar kwalta mai kyau, girma yana da fa'ida. Honda Gold Wing, wanda ya fara fitowa a 1975 da injin silinda huɗu, ya koma silinda shida tun 1988, kuma na yanzu yana da inji mai cc 1,833 wanda kusan ba a jin motsinsa a hannu. Sirdinsa yana da faɗi, tsayinsa daga ƙasa santimita 74.5 ne kawai, kuma wanda aka goya yana da majingina. Sai dai nauyinsa ya wuce kilo 360, kuma wannan nauyi ba ya ɓacewa sai lokacin da babur yake gudu. A wurin ajiye ababen hawa mai gangara, ko yayin juyawa a ƙuntatacciyar hanya mai tsakuwa, ƙafa ɗaya ce take riƙe da shi, kuma idan ya karkata ya wuce wani mizani babu ƙarfin da zai dawo da shi. Mahayin da kullum yake fargabar tsayawa ba zai ji daɗin tafiya ba ko da sirdinsa ya kai kujerar falo laushi.

Shi ya sa nake ganin matsakaicin babur ya fi dacewa da yawancin masu sauyi. V-Strom 650, alal misali, nauyinsa bai wuce kimanin kilo 215 ba, tankinsa yana cin lita 20, kuma yana ɗaukar mutum biyu da kayansu ba tare da ya galabaita ba. Abin lura a irin waɗannan shi ne tsayin sirdi, wanda yakan kai santimita 83 zuwa 87, don haka gajeren mutum ya tabbatar ƙafarsa tana kaiwa ƙasa sosai kafin ya biya kuɗi.

Sirdi mai laushi ne ya kamata a nema?

Laushi yana yaudarar mai saye. Soso mai taushi yakan lotse cikin awa ɗaya, ƙasusuwan zama su nutse har su kusa taɓa farantin ƙasa, zafi da gumi su taru. Sirdi mai faɗi, mai ɗan tauri, wanda samansa yake shimfiɗe bai gangara zuwa tanki ba, shi ne yake ɗaukar awa biyar ko shida.

Me ya sa ake yawan maganar iska?

Domin ita ce take cinye ƙarfin mahayi ba tare da ya ankara ba. Ƙarfin da iska take tura jiki da shi yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, saboda haka wanda yake tafiya a kilomita 120 cikin awa yana kokawa da ninki huɗu na abin da yake ji a kilomita 60. A babur marar garkuwar gaba, hannaye da wuya ne suke wannan kokawa awa bayan awa. Gilashin tare iska yana rage ta sosai, amma yana da nasa tarkon: idan tsayinsa bai dace da tsayin mahayi ba, iskar da ta tsallake bakinsa takan hargitse ta riƙa dukan hular kwano, kai ya yi ta kaɗawa har gani ya riƙa rawa. Wannan ya fi rashin gilashin muni, kuma dalili ke nan da ya sa gilashin da ake iya ɗagawa da saukewa ya cancanci a ba shi muhimmanci.

Akwai kuma ƙara. Rugugin iska cikin hular kwano a gudun babbar hanya yakan haura desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), alhali desibel 85 ne mizanin da hukumomin kula da lafiyar ma'aikata suke ɗauka a matsayin wanda daga shi ji yake fara fuskantar lahani idan aka daɗe. Abin toshe kunne na soso yana rage wannan rugugi ba tare da ya hana jin hon ko jiniya ba, kuma wanda ya gwada shi sau ɗaya zai yi mamakin yadda ya isa masauki da sauran kuzari.

Wane tasiri inji da sauran kayan aiki suke da shi?

Inji mai silinda ɗaya ya fi jijjiga, musamman idan aka matsa masa a giyar ƙarshe na tsawon lokaci, kuma wannan jijjigar ce take kashe yatsu. Mai silinda biyu, uku ko fiye yakan yi gudun babbar hanya yana juyawa a hankali. Na'urar riƙe gudu, wadda take ba mahayi damar sakin totur a miƙaƙƙiyar hanya, tana hutar da hannun dama sosai. Birki mai ABS, wanda BMW ya fara sa wa babur a 1988, yana hana taya ƙullewa idan aka taka da ƙarfi, kuma amfaninsa ya fi bayyana a ƙarshen yini lokacin da hankali ya fara raguwa. Ta fuskar kula kuwa, sarƙa tana buƙatar mai da ɗauri a kai a kai cikin doguwar tafiya, yayin da baburan da sandar ƙarfe take juya tayarsu ta baya, kamar Gold Wing da manyan BMW GS, suka hutar da mai su daga wannan aiki, ko da yake sun fi nauyi.

Ba za a iya gyara tsohon babur a huta da sayen sabo ba?

Sau da yawa ana iyawa, kuma ya kamata a fara ta nan. Ƙarfen ɗaga hannun babur da santimita biyu ko uku yakan kawar da ciwon kafaɗa, sabon soso yakan gyara sirdi, ƙarin nauyi a ƙarshen hannun yakan rage jijjiga. Mutane da yawa ma ba su taɓa saita shokar baya ba tun da suka sayi babur, alhali ana so ta nutse kimanin kashi ɗaya cikin uku na iya tafiyarta idan mahayi ya zauna da kayansa. Abin da gyara ba ya iya canzawa shi ne girman firam da ƙarfin inji. Dogon mutum a kan ƙaramin firam zai ci gaba da naɗe gwiwa, kuma ƙaramin injin da yake kuka a kilomita 100 cikin awa zai ci gaba da kukansa. Idan matsalar tana ɗaya daga cikin waɗannan biyun, lokacin sauyi ya yi.

Yaya za a gwada babur kafin a saya, kuma me za a yi tsammani bayan an saya?

Zama a kansa yana tsaye ko zagaya layi ɗaya ba ya nuna komai. A nemi hawa na aƙalla awa ɗaya, ko a ɗauki hayar irinsa na yini idan da hali, a sa hular kwano da rigar da aka saba tafiya da su, a hau babbar hanya a yi gudun da aka saba yi, kuma idan akwai wanda ake yawan goyawa a tafi tare da shi, domin ra'ayinsa kan sirdin baya ya fi na mai tuƙi inganci. A gwada tura babur ɗin baya da ƙafa, a juya shi a wuri mai ƙunci, sannan a duba iyakar nauyin da kamfani ya ƙayyade a littafin babur, a lissafa mutum biyu da akwatuna a gani ko sun shiga. A kuma bincika ko kayan gyaransa da makanikan da suka san shi suna samuwa a hanyoyin da ake bi.

Bayan saye, jiki yana buƙatar makonni kafin ya saba, kuma wasu tsokoki da tsohon babur bai taɓa sa su aiki ba za su yi tsami. Kada a gaggauta sayen sabon sirdi ko gilashi a makon farko. A fara da tafiyar kilomita 100 zuwa 150, a riƙa tsayawa bayan kowace awa ɗaya da rabi, a saita madubi da hannun birki da na kuloci daidai da tsawon yatsu, sannan a ƙara nisa a hankali har a ga gaɓar da ta ci gaba da ƙorafi bayan sauran sun yi shiru.